Me ke riƙe ma'aikaciyar jinya a wajen masu taɓin hankali?

"Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a Garwa, ina shekara ta uku. An tura ni sitaj, wato koyon aiki a asibiti, inda ake duba masu taɓin hankali, kuma sai na ji zuciyata ta kwanta da aikin. Amma a gida an tayar mini da hankali. Innata ta ce wanda ya daɗe da mahaukata shi ma sai ya taɓu, yayana kuma ya ce wahalar banza ce tunda ba sa warkewa. Ni kaina wani lokaci tsoro nake ji, wani lokaci tausayi ya hana ni barci. Me yake sa ma'aikaciyar jinya ta zaɓi wannan aikin, ta kuma daɗe tana yin sa da tausayi? Kuma yaya tausayin yake a aikace, tunda ba kuka za mu zauna mu yi tare da su ba?"

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Idan na fahimce ki, abu uku kike tambaya: ko aikin yana da amfani, ko yana taɓa mai yin sa, sannan yadda tausayi yake idan an sa farar riga an shiga ɗakin duba marasa lafiya. Zan fara da maganar yayanki, domin duk wadda ta yarda a ranta cewa bayin Allahn nan ba sa warkewa, tausayinta ba zai kai shekara ba. Za ta koma mai gadi, tana duba agogo har a zo a karɓe ta.

Abin da ake kira hauka

A bakin mutanenmu kalma ɗaya ce, amma abin da ke shigowa ta ƙofar asibiti iri-iri ne, kuma makomarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wanda aka kawo yana sambatu, bai san inda yake ba, jikinsa zafi rau. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ko sanƙarau a watannin zafi, ko sukarin jininsa ya faɗi. In an gano da wuri cikin kwanaki yake tashi garau, in kuwa aka ce iska ce aka tsaya hayaƙi, yana iya rasa ransa. Akwai mai jego da ta rikice cikin mako biyu na farko bayan haihuwa, ta daina barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Ana samun haka ga mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, kuma mafi yawansu suna dawowa hayyacinsu da magani. Akwai mai farfaɗiya, wadda jama'a ke haɗa ta da hauka alhali ba haka ba ne; kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha ba fashi. Akwai mai ciwon damuwa, wanda ba ya ihu ba ya duka, sai dai ya zo da ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci, da "jikina duk ba daɗi", an yi masa gwajin maleriya da taifot har ya gaji ba a ga komai ba. Akwai saurayi ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da ya fara shan tiramol don ya jure yini a kan babur, ya yi ta ƙara ƙwaya har ta fara kayar da shi kamar mai farfaɗiya. Sai kuma wanda yake jin muryoyi, yana zargin ana bin sa ko an sa masa guba a tuwo. Cikin irin waɗannan wasu suna warkewa sarai, wasu kuma su zauna lafiya muddin suna kan magani, kamar mai hawan jini.

Yankinmu na Arewacin Kamaru ya ɗora nasa nauyin a kai. Tun daga 2014 hare-haren Boko Haram suka tarwatsa ƙauyuka a kewayen Mora, Kolofata, Mokolo da Fotokol. Sansanin Minawao yana riƙe da 'yan gudun hijira daga Najeriya tun 2013. A 2021 rikicin Logon-Birni ya kora dubban mutane suka haye kogi zuwa Chadi, a 2024 kuma ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da kewaye. Ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru 'yan kaɗan ne, yawancinsu a Yawunde da Duwala. Talaka daga Marwa zuwa asibitin Jamot na Yawunde sai ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000, mota zuwa Gaundare sannan jirgin ƙasa na dare, da mara lafiyar da ba ya zama wuri ɗaya. Mutum nawa ne za su iya? Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, don ma'aikatan jinya da likitocin da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gano waɗannan cututtuka su kula da su a ƙananan asibitoci. A mafi yawan garuruwanmu, in ba ke kika duba mutumin nan ba, babu mai duba shi.

Abin da ke kawo mutum, da abin da ke riƙe shi

Wasu tausayi ne ya kawo su, wasu sun ga ciwon a gidansu, wasu neman lada, wasu kuwa nan aka tura su kawai. Ban raina ko ɗaya ba. Neman lada ma tushe ne mai ƙarfi, domin ya zo a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Ubangijinsa bai kama shi da laifi ba, in ya zage ki yana cikin ciwo, ke ma ba ki da abin riƙewa.

Amma a abin da nake gani a wajen aiki, waɗanda suka daɗe ba su bushe ba su ne waɗanda suka gane abu guda: a wannan fannin, yadda kika karɓi mutum yana cikin maganinsa. Dalilin a fili yake. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma ana ci gaba da shi wata 9 zuwa 12 bayan an ji sauƙi. Mai jin muryoyi yana bukatar aƙalla shekara guda a kan magani bayan alamun sun gushe. Mai farfaɗiya shekaru yake yi. Duk wannan ba ya yiwuwa sai mutum ya yi ta dawowa, yana biyan kuɗin mota, yana wucewa ta gaban maƙwabta da ke nuna shi da baki. Ba kuwa zai koma inda aka daka masa tsawa, ko aka yi dariyar maganarsa, ko aka tona asirinsa a gaban layi ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a nan kuwa ita ce ke sa a shanye kwalin magani na biyu da na goma. Ranar da kika ga matar da aka kawo a ɗaure ta dawo da ƙafarta, goye da ɗanta, ta miƙo miki karnenta, wato littafin asibitinta, tana tambayar ranar allura ta gaba, za ki samu amsar da za ki ba yayanki.

Minti goma na farko

Ki fara da sallama da gaisuwa cikakkiya, ga shi mara lafiyan kansa kafin masu rakiya. Yawanci an yi watanni ana magana a kansa yana zaune kamar kaya. Ki kira shi da sunan da ya dace da shekarunsa, Baba, Malam, Inna, Goggo, ba da lambar gado ba. Ki zauna, kada ki tsaya a kansa. Ki rage 'yan kallo, ki bar mutum ɗaya da shi ya zaɓa, sannan ki nemi 'yan mintoci ku kaɗai, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban miji ko uwar miji ba. A nan harshe yakan ba da wahala: ke Hausa da Fulatanci da Faransanci, ita Mafa ko Barbarci ko Larabcin Shuwa. In da hali ki nemi abokiyar aiki ta yi tafinta. Miji ko ɗa in ya zama tafinta yakan tace maganar, wani lokaci kuma shi ne tushen damuwar.

Kafin ki ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ki auna zafin jiki, bugun jini da hawansa, sukari, ki yi gwajin maleriya, ki duba ko wuya ya sandare, ki duba rauni a ka. Ki tambaya ko rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko tana ƙaruwa da dare, ko yana gane mutane. Rikicewar da ta zo da gaggawa tare da zazzaɓi ko yawan gyangyaɗi ciwon jiki ce har sai an tabbatar da akasin haka. Kuskuren da ya fi kisa a fanninmu shi ne a danna wa irin wannan allurar barci a kulle shi.

In yana cewa ana bin sa, kada ki yi musu, kada kuma ki gaskata. Musu yana sa ya saka ki cikin maƙiyansa. Ki kama abin da yake gaskiya a maganar, wato tsoron: "Na ga abin nan ya hana ka barci, kwana nawa rabonka da barci mai kyau?" Kusan kowa yana yarda ya sha maganin da zai ba shi barci da natsuwa.

Mai ciwon damuwa kuma dole ki tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Ki bi ta a hankali: "Akwai lokacin da kake jin ka gaji da duniyar? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu? Da me?" Mutanenmu sun san haramcin abin, don haka kunya da tsoron wa'azi ke rufe musu baki. In ya buɗe miki ciki kika amsa da "A'uzu billahi, ba ka tsoron Allah?", kin rufe ƙofar ke nan. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, kuma ki sa dangi su kawar da abin da ke kusa. A yankin noman auduga wannan yana nufin maganin ƙwari da ke ajiye a ɗaki ko rumbu; a sa masa kwaɗo ko a kai shi wani gida. Laroxyl, maganin ciwon damuwa, shi kansa yana kisa in an haɗiye da yawa, don haka na mako ɗaya ake bayarwa, a hannun wani amintacce.

Bayanin magani

Yawancin waɗanda suka bar magani ba taurin kai ba ne, ba a faɗa musu abin da zai faru ba ne. Ɗauki Haldol, maganin da ake ba masu jin muryoyi. Saurayi ya fara sha, kwana biyu ko uku sai wuyansa ya murɗe gefe guda, harshe ya fito, idanu suka kafe sama, miyau yana zuba. Uwarsa ta gani ta ce aljanun sun ƙi maganin asibiti, aka zubar da ƙwayoyin, ba a sake ganinsu ba. Alhali illar maganin ce sananniya, maganin da ake kira Artane ko makamancinsa yana sake ta, sannan a rage awon. Da an ce mata tun ranar farko "in kin ga wuyansa ya juya kada ki tsorata, ki kawo shi nan take, muna da maganinsa", da ta dawo. Shi ya sa ake farawa da kaɗan a hau a hankali: Haldol miligiram 1.5 zuwa 3 a yini, Laroxyl miligiram 25 da dare, ƙasa da haka ga tsofaffi, kuma bisa takardar wanda doka ta ba shi ikon rubutawa.

Largactil, wani magani irin Haldol, yana kawo jiri in an miƙe da sauri, yana kuma sa fata ƙuna a rana. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, masu shan waɗannan magunguna suna bukatar inuwa da ruwa sosai. Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da rikicewa ga mai shan Haldol ko Largactil na gaggawa ne: a tsayar da maganin a kai shi babban asibiti. Gardénal kuma, maganin farfaɗiya, ba a yanke shi farat ɗaya, domin faɗuwar kan dawo a jere ba ƙaƙƙautawa. Ki sa a rubuta ranar da zai ƙare a karne, a dawo saura mako guda. Ki koya wa dangi cewa in ya faɗi a kwantar da shi a gefensa, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali a baki, in kuma jijjigar ta wuce minti 5 a garzayo da shi. Kafin azumi ki tayar da maganar da kanki, don da yawa za su daina sha ba su faɗa ba. Maganin da ake sha sau ɗaya a yini yawanci ana iya mayar da shi bayan buɗa-baki.

Wanda ya tsere daga hari yana firgita da ƙarar babur, kada ki matsa masa sai ya ba da labari. Ki saurari abin da ya ga damar faɗa, ki tambayi inda yake kwana da abin da yake ci da wanda ya ɓace masa, ki haɗa shi da masu taimako. Valium, ƙwayar kwantar da hankali, ba maganin wannan ba ne, yana saurin zama jaraba.

Mai faɗa, mari, da malamai

Tsoron da kike ji daidai ne, kada ki ji kunyarsa. Yawancin masu taɓin hankali ba sa duka, su aka fi duka. Amma in wani ya harzuƙa, mutum ɗaya ne zai yi magana, da murya ƙasa-ƙasa da gajerun kalmomi. Ki tsaya nesa da shi kamar tsawon hannu biyu, ta gefe, hannayenki a fili. Kada ki tare masa ƙofa, kada kuma ya shiga tsakaninki da ita. Ki cire abin da ke rataye a wuyanki, ki gyara mayafi yadda ba za a shaƙe ki da shi ba. Ki kori taron, ki miƙa masa ruwa, ki tambayi ko ya ci abinci. Riƙewa da ƙarfi ita ce dabara ta ƙarshe, da mutane isassu, ba a kifa shi rub da ciki, ba a danne wuya ko ƙirji, ana duba numfashinsa da yatsunsa duk minti 15, a sake shi da zarar ya lafa. Bayan ya natsu ki koma ki yi masa bayanin dalili. Suna tuna komai.

Za ki ga waɗanda aka kawo da tabon mari a ƙafa. Kada ki fara da yi wa dangi faɗa. Uwar da ta sa wa ɗanta sarƙa galibi ta yi shekaru ba ta barci, tana tsoron kada ya faɗa rijiya ko 'yan unguwa su kashe shi da duka. Ki wanke gyambon, ki fara magani, ki yi shawara da su a kan ranar da za a kwance shi da wanda zai zauna da shi. Haka nan kusan duk wanda ya zo wajenki ya riga ya bi ta wajen malam ko boka, kuma zai koma. In kika ce su zaɓa tsakaninki da malam, ke za a bari. Addu'a da tofi da ruƙiyya ba sa karo da ƙwaya. Abin da za ki tsaya a kai kaɗan ne amma ba sassauci: ba duka, ba hana abinci, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ba tsayar da maganin asibiti. Limamin da kika girmama kika yi masa bayani yakan zama mai turo miki marasa lafiya.

Maganar Innarki

Taɓin hankali ba ya yaɗuwa, ko ta numfashi, ko ta miyau, ko ta zama tare. Amma Inna ta hango wani abu, kada ki watsar da maganarta. Aikin yana gajiyar da zuciya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya ta aiki da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci, da jin ba ka tsinana komai. Za ki gane ta fara kama ki ranar da kika ji bakinki ya ce "mahaukacin nan ya sake dawowa", ko gabanki ya riƙa faɗuwa tun daga gida in za ki fita aiki. Rashin barcin da kika ambata ma alama ce ta cewa kina ɗaukar marasa lafiya zuwa gida a ranki. Ki samu babbar ma'aikaciya ɗaya, majo, wato shugabar ma'aikatan jinya na sashenku, ko wata, da za ki riƙa zama da ita ko minti 15 ne a mako kina faɗa mata abin da ya tsaya miki. Ku riƙa karɓa-karɓa a kan marasa lafiya masu wuya. Bayan kwanan asibiti ki yi barci kafin aikin gida. Kada ki ba da lambar wayarki ga kowa, kada ki saba biyan magani daga aljihunki, domin ba za ki iya ɗorewa ba, kuma ranar da kika kasa za ki fara gudun mutumin. Ƙwayar barci ta cikin kabad ɗin asibiti kuwa, ko sau ɗaya kada ki taɓa.

Akwai inda ikonmu ya tsaya, gara ki sani tun yanzu. Wasu ba za su dawo yadda suke ba, musamman wanda ya yi shekaru ba magani, da tsoho mai ciwon mantuwa. Wasu za su koma tiramol sau uku ko huɗu kafin su bari. Wata rana magani zai yanke a kantin asibiti. Mai ciki ko mai shayarwa, ƙaramin yaro, wanda ya gwada kashe kansa, wanda aka jarraba masa magani iri biyu yadda ya kamata ba sauƙi, da mai faɗuwa a jere, duk waɗannan na likita ne. Ki tura su da takarda mai cikakken bayani, ki kuma bi sawu ki ji ko sun isa.

Kafin sitaj ɗinki ya ƙare, ki roƙi majo ta bar ki ki zauna a ranar da tsofaffin marasa lafiya ke dawowa karɓar magani da allurar wata-wata. Ki karanta shafin farko na karnen kowannensu, ranar da aka fara kawo shi da halin da yake ciki, sannan ki ɗaga kai ki tambaye shi aikin da yake yi yanzu.